Nazarin Lamari: Yadda Tawada Ta Daina Kama Ledar Wata Masana'anta

Asalin masana'antar da irin aikinta

Masana'antar da wannan nazari ya shafa ta fara ne da ledar foli'etilin, wato robar da masu bincike na kamfanin ICI suka gano a Ingila a shekarar 1933. Aikin farko mai sauƙi ne: a narkar da ƙwayoyin roba, a turo su ta wani baki mai zagaye, a hura musu iska su kumbura kamar balan-balan mai tsawo, sannan a danne su a naɗe. Da wannan leda ake yin jakunkuna da ledar rufe kaya, kuma da ita masana'antar ta kafu har ta yi suna.

Daga baya masu shirya kayan sayarwa suka koma neman leda mai ƙyalli, mai tauri, wadda ake ganin abin da ke cikinta sarai kuma danshi ba ya ratsa ta da sauƙi. A da salofen ne ke wannan aiki, ledar da Jacques Brandenberger ɗan ƙasar Suwizalan ya yi wa rajista a 1912, amma folifurofilin ta ture shi a hankali. Giulio Natta ne ya samar da wannan roba a Italiya a 1954, kamfanin Montecatini ya fara sarrafa ta don kasuwa a 1957, kuma a cikin shekarun 1960 aka fara yin ledarta da ake miƙarwa ta fuska biyu, wadda 'yan sana'ar ke kira BOPP. Masana'antar ta sayi layin wannan leda, ya zama shi ne ƙashin bayan cinikinta.

Yadda layin ke aiki yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Ana narkar da robar a zafin da ya haura digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, a zubo ta faifai mai kauri a kan wani gangan ƙarfe mai sanyi. Daga nan a sake ɗumama ta, a ja ta a tsaye kamar ninki 5, sannan wasu 'yan maƙalai su kama gefenta biyu su shiga da ita doguwar tanda inda ake buɗa ta a kwance kamar ninki 8 zuwa 10. Abin da ke fitowa leda ce da kaurinta bai wuce maikiron 20 ko 30 ba a yawancin oda (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali gashin kan mutum ya kan ninka haka sau biyu ko uku. Ledar hawa uku ce da aka narkar tare: ɓargo a tsakiya, fata guda da ake buga rubutu a kanta, da wata fatar da ke narkewa da wuri domin a liƙe bakin jaka da zafi.

Folifurofilin ba ta son tawada. Fuskarta kamar ta kakin zuma take, ruwa yana dunƙulewa a kanta maimakon ya baje. Ana auna wannan hali da ma'aunin dayin, kuma ledar da ba a taɓa ba tana tsayawa wajen 29 zuwa 31, alhali maɗaba'a na bukatar 38 ko fiye kafin tawada ta zauna. Maganin da aka saba shi ne a bi da ledar ta ƙarƙashin wani tartsatsin lantarki mai launin shuɗi-shuɗi kafin a naɗe ta, wanda ke sa iskar oksijin ta haɗu da fuskar robar har ta karɓi tawada da gam. Sunan wannan aiki korona, kuma ba shi da wata alaƙa da cutar da ta yi suna daga baya. Wani injiniya ɗan Denmak mai suna Verner Eisby ne ya ƙirƙiro shi a 1951.

Watanni uku kafin ƙorafi: gyaran da aka yi wa santsi

Wani babban abokin ciniki ya sabunta injinan shirya kayansa da masu gudu sosai, sai ledar ta riƙa cijewa a kan kafaɗar ƙarfen da ke lanƙwasa ta ta zama jaka. Ya nemi a ƙara mata santsi. Sashen haɗa sinadarai ya yi abin da aka saba yi, ya ƙara yawan erukamaid, wani maiƙo da ake samu daga man tsirrai, wanda ake zuba ɗan kaɗan cikin robar kafin a narkar da ita. Erukamaid ba ya zama a cikin roba. Bayan an naɗe ledar yakan riƙa tasowa fuska a hankali cikin kwanaki, ya shimfiɗu siriri, shi ne ke sa leda ta zame a kan ƙarfe.

Gyaran ya yi aiki, abokin cinikin ya gamsu. Domin a rage yawan canza haɗi a kan layi, wanda kowane canji ke jawo asarar leda, sai aka mayar da sabon haɗin ya zama na kowa, har da odar waɗanda ba su nemi ƙarin santsi ba. An rubuta canjin a littafin sashen haɗa sinadarai. Ba a sanar da sashen tabbatar da inganci ba, domin a tsarin da ake bi a lokacin, canjin da bai taɓa kauri ko ƙarfin leda ba ba ya bukatar sa hannunsu.

Watan farko: ƙorafin maɗaba'a

Ƙorafin farko ya zo daga wata maɗaba'a da ke amfani da tawadar da ake damawa da ruwa. Sun aiko da guntun leda da aka buga, tare da bayanin gwajin da suka yi: sun manna salatif a kan rubutun, suka danna da yatsa, suka fizge, sai launi ya biyo salatif ɗin, wurin ya koma fes kamar ba a taɓa buga komai ba. A wasu wuraren kuma tawadar ta tattare ta bar ƙananan ramuka farare a cikin launin.

Sashen inganci ya buɗe rajistarsa. Kowane naɗi da aka aika wa wannan maɗaba'a an gwada shi ranar da ya sauko daga inji, kuma duk sun nuna 40 ko fiye. Gwajin shi ne wanda ƙa'idojin ASTM D2578 da ISO 8296 suka tanada: a shafa wani ruwa mai sanannen ma'auni a kan ledar, idan ya zauna a baje na daƙiƙa 2 ba tare da ya dunƙule ba, ledar ta kai wannan lamba. Da wannan hujja aka amsa wa maɗaba'ar cewa ledar ta bar masana'anta lafiya, aka kuma ja hankalinsu ga cewa tawadar ruwa ta fi ta sinadari wuyar sha'ani, domin ruwa kansa yana kan 72 a wannan ma'auni, don haka tawadarsa tana neman fuska mai lamba sama da wadda tawadar sinadari ke nema. Wannan bayani gaskiya ne, kuma maɗaba'ar ba ta musa ba, sai dai ta ce da wannan tawadar ta shekara tana buga ledar masana'antar ba tare da matsala ba.

Kafin watan ya ƙare ƙorafi biyu suka ƙara shigowa, ɗaya daga maɗaba'ar da ke amfani da tawadar sinadari, ɗaya kuma daga masu manna leda biyu da gam, waɗanda suka ce hawa biyun suna rabuwa idan aka ja su da hannu.

Wata na biyu: ƙara ƙarfin korona

Da ƙorafi ya kai uku, shugaban sashen sarrafawa ya ba da umarnin a ƙara ƙarfin wutar korona. Lissafin a fili yake: idan tawada ba ta kamawa, a ɗaga lambar tun daga inji. Lambar ranar farko ta hau, rajista ta yi kyau, aka aika da sababbin naɗi tare da tabbacin an shawo kan lamarin.

Makonni uku bayan haka matsala ta zama biyu. Wasu naɗin sun manne wa kansu, idan aka zo warware su sai a ji ƙara kamar ana yage takarda, wani wurin ma ledar ta tsage. Abokin cinikin nan mai injina masu gudu, wanda bai taɓa yin ƙorafin tawada ba, ya ce bakin jakunkunansa ya fara buɗewa a wasu wurare.

Injiniyoyi suka duba tashar koronar suka sami dalili biyu. Na farko, wuta idan ta yi yawa takan kakkarya fuskar robar ta bar wani ɗan gari-gari da ba ya riƙe da jikin ledar. Ruwan gwaji yana baje a kansa da kyau, lamba ta yi sama, amma tawadar da ta zauna a kansa ta zauna ne a kan abin da zai ɓalle. Na biyu, robar da ke lulluɓe jikin gangan da ledar ke bi ta kansa ta tsufa ta yi kwarmi-kwarmi, iska tana shiga tsakanin ledar da jikin gangan, tartsatsin kuma yana kamawa a can bayan. Ke nan fatar liƙi, wadda bai kamata wuta ta taɓa ba, ita ma tana shan korona a tsiri-tsiri. Fuskar folifurofilin da ta sha korona ba ta liƙuwa da zafi yadda ya kamata, kuma fuska biyu da suka sha wuta idan suka haɗu a cikin naɗi sukan manne. Wannan lahani na gangan ya daɗe, ƙarin wutar ne ya fito da shi fili.

Aka mayar da wutar inda take a da, aka sauya rigar gangan, aka gyara abin danna ledar da ke korar iska. Mannewa da buɗewar liƙi suka tsaya. Ƙorafin tawada bai ragu ba.

Wata na uku: zargin tawada da ƙwayar roba

An shafe wannan wata ana neman laifin a waje. An gayyato wakilin masu yin tawada, ya gwada wani haɗin mai ƙarin sinadarin kamawa, ya yi kyau a kan ledar da aka yanko daga inji a ranar, ya kasa a kan wadda maɗaba'a ta ɗauko daga sitonta. An rubuta wa masu sayar da ƙwayar roba, suka aiko da takardun gwajin kowane kaya, babu abin da ya sauya. An sayo sabon ruwan gwaji don tsoron ko tsohon ya gurɓace, wanda abu ne da ke faruwa idan ana barin kwalba a buɗe ko ana mayar da auduga ɗaya ciki sau biyu. Sabon ya ba da amsa iri ɗaya da tsohon.

Bambancin da wakilin tawada ya gani tsakanin sabuwar leda da ta sito yana cikin rahotonsa, a layi ɗaya. Ba wanda ya tsaya a kansa a lokacin.

Wata na huɗu: samfuran ajiya

Masana'antar tana da al'adar yanke guntu daga kowane babban naɗi a ajiye a kabad, don ko da rigima ta taso da abokin ciniki. Ba a saba gwada su ba sai an nema. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda aka ba aikin haɗa takardun amsa ƙorafi, ta nemi izinin ta sake auna tsofaffin samfuran maimakon ta kwafo lambobinsu daga rajista.

Ta jera su a kan tebur bisa kwanan wata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan gwaji mai lamba 38. A kan samfuran da aka yi kafin canjin haɗi, ruwan ya kwanta shuɗi a miƙe, duk da sun fi tsufa. A kan waɗanda aka yi bayan canjin, ruwan ya tsaya ɗan lokaci sannan gefensa ya fara janyewa, ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo kafin ta ƙirga biyu. Layin da ya raba masu kyau da marasa kyau ya faɗa a mako guda, kuma da aka ɗauko littafin sashen haɗa sinadarai, makon da aka ƙara erukamaid ne.

Ta ƙara gwaji biyu. Ta goge fuskar wani samfurin da ya faɗi da ƙyalle mai ɗan sinadarin wanki, ta bar shi ya bushe, ta sake aunawa: lambar ta ɗaga, amma ba ta koma ta ranar farko ba. Wannan ya nuna abu biyu ne ke aiki tare. Akwai maiƙon da ya taso ya rufe fuskar, wanda gogewa ke cirewa, akwai kuma raguwar da kowace korona ke yi da kanta yayin da sassan da suka sha oksijin ke juyawa su nutse cikin robar, wadda gogewa ba ta dawo da ita. Sannan ta yanko sabuwar leda ta kasa biyu, rabi a ɗakin gwaji mai sanyi, rabi a tanda mai zafin digiri 45, tana aunawa kullum. Ta tanda ta faɗi ƙasa da 38 cikin 'yan kwanaki, ta ɗaki kuma ta ɗauki makonni.

Gwajin tandar ne ya kai bincike sito. Rufin siton kwano ne, naɗin da ke saman tari suna shan zafi fiye da na ƙasa, kuma masu ɗaukar kaya sukan ɗauki wanda ya fi kusa da ƙofa, wato wanda ya shigo ƙarshe, tsofaffi na can ciki suna ƙara kwana. An kuma lura cewa a cikin naɗi fuskar bugu tana kwance ne a jikin fatar liƙi ta zagayen da ke kanta, don haka maiƙon da ya taso ta bayan ma yana shafar gaban. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa abokin ciniki mai injina masu gudu bai taɓa kuka da tawada ba: odarsa ba ta kwana, yana bugawa cikin makon da ya karɓa.

Wata na biyar da na shida: gyara

Komawa tsohon haɗi kai tsaye zai dawo da cijewar da aka yi gyaran dominta, don haka aka raba haɗin gida biyu. Ledar da za ta je maɗaba'a ko wurin manna gam aka rage mata erukamaid, aka samar mata santsi ta wata hanya: aka zuba wasu ƙananan ƙwayoyi masu tauri a fatar liƙi kawai, waɗanda ke ɗan tasowa kamar tsakuwa su rage yawan wurin da leda ke taɓa ƙarfe, kuma ba sa yawo daga inda aka sa su. Gwajin farko ya ɗan dusashe ƙyallin ledar, sai da aka rage yawansu aka sauya girmansu sau biyu kafin a sami daidaito tsakanin santsi da haske. Wannan haɗi ya fi tsada, kuma ya dawo da canje-canjen layi da aka guje wa tun farko.

A ɗakin gwaji aka ƙara mataki: kowane haɗi ana auna shi ranar farko, da kwana 7, da kwana 30, sannan duk wani sabon haɗi sai ya bi ta tanda kafin a amince da shi. Lambar da ake yi wa abokin ciniki alkawari ta koma ta ƙarshen wa'adin ajiya, aka kuma buga ranar yi da wa'adin a jikin takardar kowane naɗi. A sito aka sa wa rufi abin tare zafi, aka hana tara naɗi har kusa da kwano, aka sake jera layuka yadda wanda ya fara shiga shi zai fara fita. Maɗaba'ar tawadar ruwa ta sa ƙaramar tashar korona a gaban injin bugunta domin ta farfaɗo da fuskar ledar daf da bugawa. Wannan farfaɗowa tana aiki da kyau a kan ledar da ta taɓa shan korona a masana'anta, kuma da ita aka ceci wani ɓangare na tsofaffin naɗin. Sauran aka niƙa aka mayar da su ƙwaya don kayan da ba sa bukatar bugu.

An kuma sauya ƙa'idar sa hannu, duk wani canji a haɗin sinadarai, komai ƙanƙantarsa, sai sashen inganci ya gani.

Sakamako

Daga wata na bakwai samfuran kwana 30 na sabon haɗin suka riƙa tsayawa a 38 ko sama, kuma ƙorafin ɓallewar tawada ya tsaya. Biyu daga cikin ukun da suka yi ƙorafi sun ci gaba da ciniki. Masu manna leda da gam sun riga sun koma wurin wata masana'anta tun a wata na uku, ba su dawo ba.

Hukunci

Ƙara erukamaid ba kuskure ba ne a kan odar da aka yi shi dominta. Kuskuren ya faru ne ranar da aka mayar da shi haɗin kowa ba tare da an tambayi me sauran abokan ciniki ke yi da ledar ba. Amma ko wannan da an kama shi cikin makonni in da gwajin masana'antar yana auna abin da maɗaba'a ke karɓa. Rajistar inganci ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, sai dai tana ɗaukar lambar ne a ranar da ta fi kowace rana kyau, kafin maiƙo ya taso kuma kafin zafin sito ya yi aikinsa, ga shi kuma da ita aka riƙa amsa wa masu ƙorafi har wata uku. Ƙara wutar korona ya gaza ne saboda an yi shi don a gyara wannan lamba ta ranar farko, wadda dama lafiyarta lau, ya kuma ci wata guda tare da jawo lahani a wurin abokin cinikin da ba shi da matsala.

A ganina watan da ya fi tsada shi ne na uku. Wakilin tawada ya riga ya rubuta cewa sabuwar leda tana kamawa, ta sito ba ta kamawa, samfuran da za su tabbatar da hakan kuma suna cikin kabad a ɗakin da ake rubuta wasiƙun kare kai. Gwajin da ya warware lamarin bai ci fiye da yini guda da kwalbar ruwan gwaji ɗaya ba, kuma a cikin wannan watan ne aka rasa abokin cinikin da bai dawo ba.